Guntun Kanya a Ƙarƙashin Randa

Maƙwabcina ya dawo daga kasuwar Birnin Kebbi ya kawo mini tsarabar tasbaha ta roba, shuɗiya, sai sheƙi take yi. Na karɓa na sa masa albarka. Bayan ya fita na ja ta sau ɗaya, na ji 'ya'yanta duk abu guda ne, babu wanda yatsa zai tsaya a kansa ya gane shi. Na kai ta hanci, ba ta ƙanshin komai. Sai na rataye ta a ƙusa, na koma ga tawa ta ƙodago, wadda gumin hannu ya mayar baƙa. Matasan yanzu goriba kawai suka sani, su gaigaye bayanta su jefar da ƙodagon. Ba su san a cikin abin da suke jefarwa akwai farin ƙwallo mai tauri kamar ƙashi, wanda gidaje da yawa suka ci abinci da shi ba. Gidanmu yana cikinsu. Tun da tasbahar robar nan ta shigo ɗakina nake tunanin mahaifina, da wani guntun itacen kanya da na wulaƙanta shekara guda cur don wauta.

A Gwandu aka haife ni, lokacin da Nasara ba su daɗe da zuwa ba, ana jin labarinsu fiye da yadda ake ganinsu. Gari ne na malamai da masu ziyara, kowa kuwa yana son tasbaha, don haka aiki bai taɓa yanke mana ba. A bayan zaurenmu akwai rumfar kara, nan Baba yake wuni. Yana da 'yar maƙerarsa a gefe, zuga-zugin fatar akuya da ɗan gawayin ƙirya, amma ba ya ƙera garma ko gatari. Abu ɗaya yake ƙerawa, wato mahuji, siririn ƙarfen da ake huda ɗan tasbaha da shi. Ana ɗaura shi a bakin wata 'yar sanda, a naɗe sandar da tsirkiyar baka, a danne kanta da ɗan ƙoƙo, a riƙe ɗan tasbahar da yatsun ƙafa, a yi ta jan bakan gaba da baya har ƙarfen ya ɓulla. Da hantsi ya yi, gidanmu sai ya ɗauki sauti. Daga ciki mata na daka, daga rumfa bakunkunan huji na kuka, ga ƙaurin ƙodago in ƙarfe ya yi zafi. Mata ne ke goge 'ya'yan da ganyen ɓaure mai kaushi, su shafe su da man shanun da Fulani ke kawowa. Yanzu in na tashi da safe injin niƙa nake ji, shi kuwa ba ya gaya maka wane ne ke aiki. A da, daga kukan baka kaɗai ina sanin ko Baba ne ko wani.

Duk wannan aiki a kan abu ɗaya ya rataya, washi. Bakin mahuji fuska biyu gare shi, dole kuma su zo daidai, tsinin ya tsaya a tsakiya. In fuska ɗaya ta fi ɗaya da kaurin gashi, ƙarfen zai karkace a ciki, ka kusa ɓullawa ka ji ƙas, ɗan tasbahar da ka wuni kana gyarawa ya rabe biyu. Baba yakan ɗiga ruwa a dutsen washi, ya ja ƙarfen 'yan lokuta, ya juya ya sake ja, sannan ya ɗora tsinin a kan farcen babban yatsansa ya murza. In ya tsaya wuri ɗaya yana ci, ya yi. In ya zame, a koma dutse. Abin nan ba ya koyuwa da baki. Yadda yake koya wa mutum shi ne ya zauna a bayansa, ya ɗora hannunsa a kan nasa, su yi ta ja tare kwana da kwanaki har hannun mai koyo ya haddace kwanciyar ƙarfen. Haka ya koya wa ƙannena duka. Har baƙi daga Masama sun zo sun zauna a gabansa ya kama hannunsu. Ni kaɗai ne bai taɓa kama nawa ba.

Dalili kuwa, ni ne ɗan fari. Yau sai ka ga uba ya saɓa ɗansa na fari a kafaɗa yana kiran sunansa a tsakiyar kasuwa, ba na kuma cewa laifi ne. A zamaninmu, a wajenmu, abin kunya ne babba. Baba bai taɓa faɗar sunana ba, bai taɓa duban idona ya yi mini magana ba, balle ya taɓa jikina. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayarsa, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida. Ita ta raine ni, ita ce kuma bakin Baba. Kullum tana zaune a ƙofar rumfa da mazarinta tana kaɗi. In yana son in yi wani abu, ko da ina gabansa gwiwa da gwiwa, sai ya dubi wajenta ya ce, "A hwaɗa ma wancan shi ƙara gawayi." Gwaggo kuwa, da yake ba ta rasa tsiya, sai ta juyo ta ce, "Wancan, ka ji abin da anka ce." Ina yaro abin dariya yake ba ni. Da na girma ya daina.

Sannan ga wata matsalar, Allah ya yi ni bahago. Gwaggo ta yi ta bugun hannuna da muciya har na iya cin tuwo da dama, na iya gaisawa da karɓar abu da dama. Amma da na ɗauki kayan aiki sai hagu ta karɓe. Komai na sana'ar na koye shi da ido, fasa ƙodago, zagaye shi, jan baka, har ƙera ƙarfen kansa. Washi ne ya gagare ni. In na kwaikwayi Baba da dama, hannun ba ya tsayawa. In na koma hagu, kwanciyar ƙarfen ta juye, fuska ɗaya ta cinye ɗaya. Ƙannena sun gwada kama hannuna, amma mai dama ba ya iya jan hannun bahago, sai mu yi ta karo muna dariya. A ƙarshe abin da ya zama al'ada shi ne, in na tashi aiki da la'asar in bar ƙarafana a kan tabarma, da safe in same su a wase. Na san wanda ya wasa su. Ban taɓa godiya ba, shi ma bai taɓa nuna ya san da maganar ba. Gemu ya fito mini, na yi aure, ina nan ana wasa mini ƙarfe kamar yaro, abin yana cin raina ƙwarai.

Shi ya sa da dangin matata suka ce in koma Kalgo, wai can goriba ta yi yawa a fadama kuma babu mai yin tasbaha, na amsa da sauri. Aka tsayar da tafiya sai bayan kaka. A daminar nan na lura kullum hannun hagun Baba a ɗaure yake da tsumma. Yau babban yatsa, jibi tafin hannu. In an tambaye shi sai ya ce gizago ne ya kuɓuce. Da azahar kuma, lokacin da kowa ke hutawa, sai ya ɓace bayan rumbu. Na ce a raina tsufa ne ya fara kama shi, har na ɗan ji tausayinsa, amma ban tsaya na yi tunani ba, hankalina yana Kalgo.

Ranar tafiya, an gama ɗaura wa jaki kaya, na shiga rumfa na durƙusa. Baba yana kallon garwashi. Ya ɗauko wani abu daga ƙarƙashin buzunsa ya ajiye tsakaninmu, ya dubi Gwaggo ya ce, "A ba wancan. Shi kwantar da ƙarhe cikin tsagin ga, shi ɗaure, shi ja bisa dutse. In gehe ɗaya ya yi, shi juya." Na sa hannun dama na ɗauka, don ba a karɓar abu daga babba da hagu. Guntun kanya ne, girman tafin hannu, da tsagi a karkace, da wasu ramuka a bayansa. A hannuna duk ya zauna a baibai. Yatsuna ba su sami wurin zama ba, gefensa yana tokare mini tafi. Zuciyata ta yi baƙi. Na ce a raina, wato mutumin da ya kama hannun baƙi daga Masama, ni ɗansa itace ya ba ni, kamar a miƙa wa saurayi sandar tsoho. Ko sassaƙar ma bai tsaya ya yi da kyau ba. Na jefa shi a aljihu na ce, "A yi mini addu'a." Ya ce wa Gwaggo, "Allah shi kiyaye hanya."

Kalgo ta karɓe mu da kyau. Gari ne mai ruwa kusa, ana cin kifi har a gaji, goriba kuwa sai ka tsince ta a ƙasa. Na kafa rumfata a bayan ɗaki, na shirya 'yar maƙerata irin ta Baba. Guntun kanyar kuwa, mako na farko matata ta yi ƙorafin randarmu tana girgiɗi, na ɗauko shi na cusa a ƙarƙashinta. Ya zauna daram, na ce to, ga amfaninsa. Watannin farko na yi aiki da ƙarafan da na zo da su a wase, mutane suka yi ta yabo. Da suka dakushe na koma dutse da kaina, sai asirina ya tonu. Tasbaha ɗaya sai ta ci mini ƙodagon tasbaha uku. Wani malami ya dawo mini da tasa, 'ya'yan suna tsagewa a hannunsa yana cikin wuridi. Bai yi faɗa ba, ya ajiye ta kawai ya ce Allah ya ƙara basira, na gwammace da ya zage ni. Kaji suka saba da tsakar rumfata, suna tonon fasassun 'ya'ya suna zaton tsaba ce.

Kafin shekara ta zagayo na yanke shawara. Akwai fatake da za su tashi zuwa Gwanja da rani, suna neman masu kora jakai, na ba su baki zan bi su. Na ƙudurta in na tafi ba ni ba ƙodago har abada, Gwandu ma ba na jin zan sake taka ta, don ba ni da fuskar da zan kai. Matata tana da tsohon ciki a lokacin. Ta ce, "Malam, sana'ar gidanku za ka yasuwa?" Na ce, "Gidan ne ya fara yar da ni." Kwana biyu tuwonta ba gishiri.

Ta haihu kafin fataken su tashi, namiji, ɗanmu na fari. Gwaggo ta hau jaki tafiyar kwana biyu ta zo wankan jego, da tsufanta da ciwon gwiwarta. A nan na gamu da abin da ban taɓa zato ba. Mata suka cika gida, ana ta miƙa jinjiri hannu zuwa hannu, ni kuwa ko wajen da yake ba na iya duba. In an fito da shi sai in tashi in fita. Ba wanda ya hana ni, ƙafafuna ne ke fita da ni. In ya yi kuka kuwa ina rumfa, sai in ji kamar a cikin ƙirjina ake yin kukan. Wata rana na ji bakina yana ce wa Gwaggo, "A lulluɓe wancan, akwai sanyi." Ta dube ni ta ƙyalƙyale da dariya har da hawaye, ta ce, "Ɗan Babanai! Ko muryar ba ta sake ba."

Washegari da hantsi ta je ɗiban ruwan wanka, ruwan randa ya yi ƙasa, ta karkata ta. Sai na ji ta yi salati. Ta fito da guntun kanyar a hannu, ya jiƙe, gansakuka ta kama gefensa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Kai, mi na wanga ka yi ƙarƙashin randa?"

Na ce, "Gwaggo, bai da wani amfani. Ko riƙuwa ba ya yi."

"Da wane hannu kar riƙa shi?"

"Da wanda ake karɓar abu."

Ta goge shi da gefen zanenta ta miƙo. Na miƙa dama, ta buge ta kamar yadda take buge hagu ina yaro. "Ba wannan ba, sakarai. Wanda kaka aiki da shi."

Na karɓa da hagu. Babban yatsana ya faɗa cikin raminsa, sauran suka bi, kowanne ya sami wurinsa, har ɗan karkataccen yatsana da na taɓa karyewa an yi masa gurbi. Gefen nan da ya tokare mini dama ya kwanta a tafina lafiya lau. 

Gwaggo ta zauna a kan turmi ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Damina guda shina bayan rumbu shina koyon washi da hagu, mutum da hurhura. Yac ce ba shi iya sassaƙa ma bahago abu sai ya san yadda ƙarhe ka kwanciya ga hannun bahago. Ka ga tsumman da yaka ɗaurawa? Ba gizago na ba, ƙarhen na ka sukar shi. Itacen da yaɓ ɓata kau, ni nad dahwa tuwo da su."

Na ce, "To ina ya sami awon hannuna? Bai taɓa riƙe shi ba."

"Wa yay yaɓe rumbun? Ba kai na ba? Shaidar hannunka na nan ga laka, yatsu biyar. Nan yaka aza itacen shina gwadi." Ta ja numfashi. "Kuma duk wanda yat taho daga wajen ga sai ya tare shi, shi ce wai ya ji an ce ana tasbaha Kalgo, ko tana da kyau? Ba shi cewa ta wa. Wani ya hwaɗa mai tana hwashewa. Ran nan bai ci tuwo ba."

Na tashi na shiga rumfa don kada ta ga idona. Na bar itacen ya sha rana, na kwantar da ƙarfe a tsagin, na ɗaure da 'yar fata, na ɗiga ruwa a dutse. Gindin itacen ya zauna a kan dutsen, tsinin kaɗai ke taɓawa, hannuna ba shi da abin yi sai ja. Na juya ƙarfen na sake ja. Na ɗora a farce na murza, ya tsaya wuri ɗaya yana ci. Na huda ɗan tasbaha na farko, ya ɓulla ta tsakiya. Na biyu ma haka. Ban tashi ba sai da aka kira azahar, ba ko ɗaya da ya fashe. Da yamma na je na ba fataken haƙuri.

Itacen yana nan har yau a cikin jakata, tsagin ya faɗaɗa, ramukan sun yi sulɓi. Na daɗe da daina buƙatarsa, don bayan 'yan shekaru hannuna ya haddace kwanciyar ƙarfen da kansa, kamar yadda na ƙannena suka haddace. Yanzu an ce a birni akwai ƙarafan huji na kanti, in ɗaya ya dakushe a jefar a sayi wani. Ba na jin haushinsu. Sai dai ina tunanin ta ina mutum irin Baba zai bi ya gaya wa ɗansa abin da ke ransa, in babu abin da za a wasa.

Kwana uku bayan wannan rana na bar Gwaggo da mai jego na kama hanyar Gwandu a ƙafa, da tasbaha guda da na yi, da itacen a aljihun hagu. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, na kuma san ba zan faɗa ba. Na isa da hantsi. Kafin in shiga rumfa na zagaya bayan rumbu. Shaidar hannuna tana nan a laka, gefenta ya goge ya yi santsi saboda yawan taɓawa.

Baba yana zaune a kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon garwashi, ya tambayi mutanen Kalgo, ya tambayi baƙon da aka samu. Na ajiye tasbahar a gefen buzu. Sannan na ɗauki wani dakusasshen mahuji daga cikin nasa, na fito da itacen, na zauna a gaban dutsensa na wasa da hagu. Ina jin idonsa a kan hannuna, ban ɗago ba. Da na gama na ajiye ƙarfen tsakaninmu. Ya miƙo hannu ya ɗauka, na ga tabo fari-fari a yatsun hagunsa. Ya ɗora tsinin a farce ya murza, ya daɗe yana murzawa. Ya ɗauki tasbahar ya ja ta ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Sannan ya juya fuska wajen ƙofar rumfa, ya gyara murya.

"A hwaɗa ma wancan," ya ce, "hannunai ya yi."

Na waiwaya don in ji Gwaggo ta maimaita, kamar kullum. Gwaggo tana Kalgo. Babu kowa a rumfar sai ni da shi.